Ina zan samo tarihin matan da suka yi ƙaura zuwa Zariya?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), bincikena kan matan da suka zo Tudun Wada da Sabon Gari daga 1920 zuwa 1970. Fayilolin Lardin Zariya da na duba a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna maza kawai suke lissafawa. Malamai, ta ina zan ɓullo?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Takardun haraji kike dubawa, su kuwa magidanta suka dama. Koma kan rajistar kotunan alƙalai: saki, gado, riƙon 'ya'ya, rikicin bashi. A nan mace ke tsayawa da bakinta ta faɗi garinsu da wanda ya kawo ta. Da yawa da Larabci ko ajami aka rubuta, ki nemi mai karanta tsohon rubutu tun kafin ki je. Ki kuma yi hattara, rahotannin Turawa sukan yi wa duk macen da ba ta da miji kuɗin goro su ce karuwa, alhali akwai zawarawa da masu tuwo-tuwo a cikinsu.

Malama daga Kongo: Ƙanwata, takarda ba za ta ishe ki ba, sai kin shiga gidaje. Fara da mai unguwa, sannan maigidan, ki kuma sami dattijuwar unguwa ta yi miki jagora. Kada ki ce wa tsohuwa "yaushe kika yi ƙaura", za ta ce ba ta taɓa ba. Tambaye ta ina aka kai ta auren fari, wa ya riƙe ta, ina ta yi wankan jego. Tafiyarta duk tana ciki. Shekaru kuwa ki ɗaure su da abin da ba a mantawa: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, rasuwar Sardauna 1966, korar baƙi daga Gana 1969.

Hira kada ta wuce minti 60, tsofaffi na gajiya. Gara ki koma sau biyu. Idan kishiya ko suruka na zaune, zancen saki ba zai fito ba. Ki nemi izinin tsohuwar kafin ki kunna rikoda, ki sakaya sunanta a rubutu.

Malamin Tarihi: Na manta: karanta littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta ɗauko daga bakin wata mata mai suna Baba a ƙasar Zazzau, ya fito 1954. Ki lura da yadda aure ya yi ta sauya mata gari.