Waɗanda aka yi wa gashin cutar kansa, ya kuka yi da fatar wajen?

Mai tambaya daga Kaduna:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda abin ya faru a jikinsu ko suka yi jinyar wani. Yayata ce ake wa gashi na sankarar mama, wato haska wajen ciwon da inji, a asibitin Shika bayan an yi aiki an gama kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa), yanzu ta shiga sati na uku kuma wajen ya yi baƙi yana mata ƙaiƙayi, ƙarƙashin hammata har ya fara saɓa. A gida kowa da tasa, wannan ya ce zuma wancan ya ce man shanu, gwaggonmu kuma ta dage sai an gasa mata da ruwan zafi. Ni dai na hana a sa komai tukuna. Ya kuka yi?

Wata 'yar'uwa daga Kano:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ƙanwata kin kyauta da kika hana, ruwan zafin nan kam kar a kuskura. Ni ma mama aka gasa min, kuma daidai irin wannan lokacin nawa ya fara, sati biyu zuwa uku. Su turawa ja fatarsu take yi, mu kuwa baƙi take yi kamar gindin tukunya, shi ya sa wani lokacin ba a ganewa da wuri sai mutum ya ce yana jin zafi. Abin da nas ta ce min shi na bi, wanka da ruwa mai ɗan ɗumi kawai, sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu ba soso, in na fito ba na gogewa da tawul sai dai in dinga ɗan dannawa a hankali har ya bushe. Alamar da suka zana min a ƙirji kuma ban taɓa dirje ta ba don da ita suke saita injin. Bireziya na ajiye ta gaba ɗaya, na koma tsofaffin rigunan auduga masu faɗi waɗanda suka sha wanki, sabuwar atamfa mai sitaci wallahi yanka take yi. Turare, hoda, man bilicin, Robb, duk na nisanta su da wajen. Abu ɗaya da nake so ki gaya mata tun yanzu don kar hankalinta ya tashi, bayan an gama gashin ne abin ya fi tsanani, nawa sai da aka sallame ni da kamar kwana goma sannan ƙarƙashin maman ya buɗe yana ruwa, na zata wani sabon ciwo ne ashe haka yake yi. Cikin wata ɗaya da ɗan wani abu ya rufe, baƙin ne ya ɗau watanni kafin ya washe.

Wani ɗan'uwa daga Sakkwato:
Mahaifina na yi jinya, nasa na maƙogwaro ne, kusan sati bakwai ana yi Litinin zuwa Juma'a. Wuyan ya saɓe, amma cikin baki ya fi ba mu wahala, ya yi gyambo miyau ya ƙafe haɗiya ta gagara. Kuskure baki da ruwan gishiri da ɗan bakin soda sau da yawa a rana ya taimaka masa sosai, buroshi mai laushi, yaji da goro da shayi mai zafi duk aka dakatar. Kunun gyaɗa da madara, ƙwai, farfesun kifi marar yaji, alala mai laushi, da su muka riƙe shi don likita ya ce fata ba ta haɗewa in ba a cin abinci mai gina jiki. Aski da reza an hana, babbar riga mai aiki a wuya ma ya ajiye. Kuma tun kafin a fara sai da aka tura mu wajen likitan haƙori, suka ce cire haƙori bayan gashi yana iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Sannunku. Bari in ɗan ƙara a kan na Hajiya ta Kano. Wannan ba irin ƙunar wuta ba ce, hasken yana rage wa fata ƙarfin yin sababbin ƙwayoyin halitta ne, shi ya sa ba ya fitowa ranar farko kuma yake ci gaba sati ɗaya ko biyu bayan an gama. Ya fi tsanani inda fata ke gogar fata da zufa, hammata, ƙarƙashin mama, matsematsi, bayan kunne. In fatar ba ta fashe ba ana shafa mai marar turare, wani lokacin likita ya rubuta man steroid irin mometasone don ƙaiƙayi. Man kaɗanya ma ki kai musu su gani kafin a shafa, ki kuma tambaye su lokacin shafawa. Amma da zarar ta fashe tana ruwa to an daina shafe-shafen gida, ba zuma ba man goge baki ba toka ba garin kafso. Mu da ruwan normal saline, wato ruwan gishirin asibiti, muke wankewa mu rufe da bandejin da ba ya mannewa, auduga kuwa tana liƙewa a ciki ranar cirewa ta taho da sabuwar fata. Kar a manna filasta a kan inda ake gasawa, kar a ɗora ƙanƙara. In kun ga zazzaɓi, mugunya, wari, ko kumburi yana yaɗuwa, a je asibiti ranar, musamman mai ciwon suga. Kuma dan Allah kar ta daina zuwa gashi da kanta saboda fata, ta nuna musu, likita ne zai ce a huta ko a ci gaba.

Wata daga Gombe:
Tawa mahaifiyar na bakin mahaifa ne, kuma kunya ta sa ta yi shiru har matsematsinta ya saɓe, sai da na ga tana tafiya a tale na matsa mata. Masu jinyar iyaye ku dinga tambaya, ba za su faɗa ba. Tsarki da ruwa zalla a buta, a bushe da tsumma mai laushi, zani kawai ba wando in tana ɗaki. Tsuguno a kan kaskon turare da ruwan bagaruwa duk nas ta hana.

Wani malamin makaranta:
Ni shekaru kenan da gamawa alhamdulillah. Wajen har yau ya fi sauran jikina tauri da bushewa, ba ya son rana, da hunturu kullum sai na shafa mai, kuma motsa kafaɗa da aka koya min ban daina ba. Likitana ya ce ko bayan shekaru in ƙurji ya fito a nan ya ƙi warkewa in dawo, kar in bari wanzami ko mai kemis ya taɓa. Sannan masu hana yara zuwa kusa da mai gashi su daina, irin wanda inji ke haskawa daga waje ba ya zama a jiki, yayarki ta ɗauki 'ya'yanta ta ci abinci da kowa.