Ana so in zama shugabar Zumuntar Mata, amma ana bina bashi

Maman Tagwaye:
Salama 'yan'uwa, shawara nake nema. Hatsi nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma matan majami'armu sun matsa sai na tsaya zaɓen shugabar Zumuntar Mata a ƙarshen shekara. Damuwata ita ce, wata 'yar zumuntar tana bina kuɗin masara buhu 3 tun bara. Na biya rabi, saura rabi. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma in na tsaya gaba ina bi da addu'a tana zaune, da wane ido zan dube ta? In karɓa, ko in roƙe su su ƙara mini shekara in sauke nauyin nan tukuna?

Ladin Samaru:
Ki karɓa Yaya, kira ne. Musa ma cewa ya yi bai iya magana ba, Ubangiji bai ƙyale shi ba.

Matar Malam:
Ni na riƙe. Ki shirya aljihu kawai. Suna, biki, rasuwa, gaida marasa lafiya, kuɗin motar zuwa taron gunduma, duk ke za a kalla. A shekara ban kashe ƙasa da ₦150,000 ba.

Ladin Samaru:
Haba Mama, ₦150,000? Tamu shugabar ko ₦40,000 ba ta kashewa, akwai asusun zumunta ai.

Matar Malam:
Asusun da babu komai a ciki sai littafin rubuta suna?

Talatu T/Wada:
Ku bar zancen kuɗi, ku ji tawa. Mahaifiyata ta tsufa tana share majami'a duk Asabar, ita ke wanke tukwane bayan kowane biki. Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, shugabarsu sau ɗaya ta leƙo, sanye da anko, da mata biyu a baya. Ko zama ba ta yi ba. Ta yi addu'a da ƙarfi har masu jinya na gadon kusa suna juyowa, aka ɗauki hoto, suka fita. Wadda ta kwana da mu a kan tabarma, tana taya ni juya Mama da wanke mata zane, wata mai tuyar ƙosai ce da ba a taɓa ba ta ko muƙamin mai kaɗa ƙararrawa ba. Ranar jana'iza kuwa shugabar ce a gaba da makirufo tana cewa "mun yi rashin uwa." Tun ranar ban sake ɗaura ankon zumunta ba.

Maman Tagwaye:
Allah ya ƙara miki haƙuri ƙanwata. Abin ya taɓa ni.

Talatu T/Wada:
Ban gama ba Yaya. Shugabar nan hatsi take sayarwa kamar ke, kuma kowa ya san gindin mudunta bugagge ne. Maƙwabtanmu Musulmi har tambayata suke yi, wai wannan ce shugabarku? Ni kunyar nan ta fi ci mini rai.

Baban Wusasa:
'Ya'yana, ku buɗe 1 Timoti sura 3. Abin da Bulus ya lissafa wa mai kula da ikilisiya kusan duk hali ne: kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, riƙon gida, da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje. Bitrus kuma a wasiƙarsa ta fari sura 5 ya ce a zama abin koyi ga garke, kada a nuna musu iko. Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932, aikin su Dakta Miller, ɗan mishan da ya yi aiki a nan Zariya. Iyayenmu a Wusasa ba yawan wa'azi ya sa aka yarda da su ba, an ga yadda suke jinyar mutane da yadda suke cika alkawari. Ɗiyata, ki je gidan matar da ke binki bashi da kanki, ki sa mata ranar biya, ki gaya wa Mama Fasto gaskiya. In sun zaɓe ki bayan sun sani, ki karɓa.

Matar Malam:
Baba da girmanka, amma zancen mata ne. Ba ka taɓa raba shinkafar biki ga mata 80 kowacce na cewa nata naman ya fi ƙanƙanta ba.

Ɗan Kwangila:
Ni dai duk wadda za ta ci, ta tuna da matasa ranar rabon shinkafar. Mu ke ɗaukar kujeru, mu ke samun ƙanzo 😂

Ladin Samaru:
Kai wa ya sa da kai? Baba ya fi mu gaskiya, Mama. Dattijo ne, ya ga shugabanni sun zo sun wuce.

Talatu T/Wada:
Dattawan ai su ne suka ga abin da aka yi wa Mama suka yi shiru.

Rifkatu PZ:
Tunda an taɓo anko, a gaya mini. Mu an karɓi ₦14,000 kan turmi, na je kasuwa na ga irinsa ₦9,500. Ina sauran yake tafiya?

Matar Malam:
Ba iri ɗaya ba ne, na zumunta bugawa ake sa a yi. Mu ₦12,000 muka biya.

Rifkatu PZ:
To a riƙa karanta mana lissafi mana. Kuma wannan kiran sunan masu ba da gudummawa a gaban jama'a ranar godiyar kaka, wa ya kawo shi? Gwauruwar da ta zo da tiyar gero sai ta ɓoye ta a bayan benci saboda an riga an tafa wa mai buhu 10.

Ladin Samaru:
Wannan kam har a tamu. Bara wata tsohuwa ta koma gida da kazarta don kunya.

Maman Tagwaye:
'Yan'uwa na gode, amma har yanzu ban ji ta bakin wadda ta riƙe muƙamin nan da bashi a wuyanta ba. Sunaye za a miƙa ranar Lahadi.

Rifkatu PZ:
Mama Matar Malam, a ina ake buga muku na ₦12,000 ɗin? Kano ko nan Zariya?