"So hana ganin laifi": yabo ne ko gargaɗi?

Maman Tagwaye, Asawase:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ran Lahadi bayan sujada muna zaune a zumuntar mata, aka kawo zancen wata 'yar'uwa da ɗanta ke tsare mata shago a kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Yaron yana zare kuɗi daga gwangwanin ciniki, kaɗan kaɗan, har jari ya fara karyewa. Masu shagunan da ke kusa duk sun sani, amma duk wanda ya gaya mata sai ta ce hassada ce. Sai wata dattijuwa ta ce, "Ku ƙyale ta, so hana ganin laifi. Ai Littafi ma ya ce ƙauna tana rufe zunubai masu yawa." Abin ya tsaya mini a rai. Karin maganar nan da wannan ayar ta manzo Bitrus a Littafi Mai Tsarki abu ɗaya suke faɗa?

Ɗan Aboabo:
Mama, a ganina ɗaya ne. Wace uwa ce za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ce ɗanta ɓarawo ne? Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa ƙauna ba ta riƙe laifi, tana gaskata kome, tana jure kome. Kakanninmu sun faɗi wannan a kalma huɗu.

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, karanta ayar da ke tsakani. A 1 Korintiyawa sura 13 da ka ɗauko maganar, aya ta 6 ta ce ƙauna ba ta murna da mugunta, da gaskiya take murna. Ni tun tasowata ban taɓa jin an yi wannan karin magana don a yabi wani ba. Ana yin ta ne idan an ga mutum zai faɗa rami ido buɗe, an kuma rasa yadda za a yi da shi.

Ku tuna da Eli. Firist ne a Shilo, yana son 'ya'yansa Hofni da Finehas. Suna sa cokali mai yatsu uku su kwashe naman hadaya daga tukunya, jama'a suna ta kawo kuka. Ya yi musu faɗa da baki, amma bai hana su ba, bai raba su da aikin ba. Rana ɗaya aka kashe su biyun a yaƙi da Filistiyawa, shi kuma tsoho mai shekara 98 ya faɗo daga kujera ya karya wuya. Wa zai ce Eli bai so 'ya'yansa ba? Son ne bai kai ya cece su ba. Hausawa suka ce ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan Aboabo:
Baba, na ji. To rufewar da Bitrus ya faɗa fa? Me ake rufewa?

Malama Mai Koko:
Bari in sa baki, ɗan'uwa. Ba a rufe abin da ba a gani ba. Sai ka ga laifin tukuna, sannan ka zaɓi kada ka yi tallarsa. Matiyu 18 ya shimfiɗa hanyar: ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikilisiya ta ji. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu daga ƙarshen muke farawa. Kafin a je wurin mai laifi, labari ya zaga WhatsApp, an kuma lulluɓe shi da "mu sa ta a addu'a". Waɗanda suka kawo zancen a zumunta, nawa ne a cikinsu suka taka har gidanta? Zumunci a ƙafa yake.

Alhaji Mai Goro:
Ni Musulmi ne, maƙwabcinku, ku yi mini uzuri in ce wani abu. Mu ma an koya mana cewa wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, Allah zai rufa masa nasa ranar ƙiyama. Amma rufin asiri bai hana nasiha ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dattijon Ikilisiya:
Madalla, Alhaji. Shi kansa Bitrus da ya rubuta ayar ya ɗanɗana wannan. Sau uku ya yi musun sanin Yesu. Da suka haɗu a bakin Tekun Tibariya, Yesu bai yi kamar ba abin da ya faru ba, bai kuma kunyata shi ba. Ya ba shi gurasa da gasasshen kifi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan ya damƙa masa kiwon tumakinsa.

Ɗan Aboabo:
Duk da haka ina tare da uwar nan a abu ɗaya. Mai yiwuwa ta fi kowa sanin halin ɗanta, tana kare shi a waje ne saboda in ta yarda a gaban 'yan kasuwa ba mai ƙara ɗaukarsa aiki a Kumasi. Ba mu san abin da take gaya masa da dare ba bayan ta kulle ƙofa.

Malama Mai Koko:
To in haka ne, me ya sa har yau makullin shagon yana hannunsa?