Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Abin da ke Tsare Ganyen Tsami Daga Lalacewa?

Malamaina da 'yan uwana masu aikin fassara, ina neman shawararku a kan kalmar da Turawa suke cewa antimaikurobiyal, musamman inda ake nufin abubuwan da ake zuba wa ganyen da aka tsima don kada ya lalace. Abin da ya tayar da maganar shi ne kabejin da na sayo a kasuwar 'Yankaba cikin watan Afrilu, na yanka shi siri-siri, na murje shi da gishiri giram 20 a kowane kilo kamar yadda Jamusawa suke yi wa nasu, sannan na danna shi a kwalba. Irin wannan haɗi ya fi son yanayin da bai wuce digiri 18 zuwa 22 ba, mu kuwa a Kano zafin bazara yakan kai 40. Kafin mako ya zagayo sai ga wata farar yana ta rufe saman ruwan, ganyen da ke sama kuma ya yi laushi yana yauƙi a hannu. Garin neman magani na ci karo da kalmar.

Fassarar da kunnenmu ya saba da ita ita ce "maganin kashe ƙwayoyin cuta". A asibiti ta zauna daram, amma a cikin kwalbar kabeji ba ta zauna ba. Farar yanar nan yis ce, wato dangin abin da ke kumbura burodi, kuma galibi ba ta sa ciwo, ɗanɗano da ƙamshi kawai take ɓatawa, saboda haka kiranta ƙwayar cuta bai dace ba. Babbar matsalar kuma tana wajen kalmar kashewa. Tsamin ganyen aikin wasu ƙwayoyin halitta ne, dangin waɗanda suke mayar da madara nono, waɗanda suke cin zaƙin ganyen su fitar da tsami har ma'aunin pH, wanda yake sauka idan tsami ya ƙaru, ya koma ƙasa da 4.6, inda ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim ba ta iya yaɗuwa. Wanda ya kashe su duka ya kashe aikin gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne a danne masu ɓarna a bar ma'aikata, kamar yadda natamisin yake yi, wato sinadarin da aka samo a 1955 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar yankin Natal a Afirka ta Kudu, wanda yake hana yis da fumfuna tsirowa ba tare da ya taɓa masu tsamin ba.

Wani abokin aikina ya kawo "hana-ruɓa", kuma da farko ta kwanta mini, domin ta bi sahun hana-salla da hana-rantsuwa. Innata ce ta rushe ta da tambaya ɗaya: "Ɗan nan, in an hana ruɓa, da me za a yi daddawa?" Gaskiyarta ne. Kalwa sai an rufe ta ta ruɓa take zama daddawa, haka daddawar batso, haka kuma kawal da mutanen Sudan suke yi da ganyen tafasa. A bakin mai girki ruɓa ba kullum take zama aibi ba.

Don haka ni na karkata ga "hana-ɓaci". Ɓaci ya haɗa yauƙi da wari da fumfuna da tsamin da ya wuce kima, kuma bai taɓa ruɓar da ake so ba. Na san wani zai ce kunne zai tafi ga ɓacin rai, amma da zarar an ambaci abinci shakkar ta kau. Su kuma ƙwayoyin da suke ɓarnar sai mu ce musu "ɓata-tsami", a kan ƙirar ɓata-gari.

Saura siffar da za ta raba hana-ɓacin da ake samu daga tsirrai ko ƙwayoyin halitta da sinadaran da aka harhaɗa a ɗakin gwaji. "Na gargajiya" ta dace da tafarnuwa, wadda take fitar da sinadarin alisin idan an daka ta, ta kuma dace da citta da kanumfarin da ake aunawa a Kasuwar Kurmi, kuma tafarnuwa da citta suna cikin kimci, wato ganyen tsamin mutanen Koriya. Amma ba ta ɗauki sinadarin nisin ba, wanda aka gano a 1928, ƙwayar halittar madara ce take yin sa, yau kuma masana'anta ce take tace shi ta sayar da garinsa. "Na halitta" ta ɗauke su duka.

Ga yadda na gwada ta a jimla: "Tafarnuwa hana-ɓaci ce ta halitta, tana danne ɓata-tsami a cikin kabeji." Ina roƙon malamanmu na Hausa na Jami'ar Bayero, da iyayenmu mata masu daddawa, su faɗe ta da bakinsu su ji ko harshe ya karɓe ta.