Sanyi ne ke fasa kular baƙin mai, ko tona mata asiri yake yi?

Baban Khalifa (Edmonton): Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana: manyan jif ɗin nan masu tsada ba don sanyin Kanada aka ƙera su ba. Da zarar sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, sai wani a cikinmu ya wayi gari baƙin mai ya yi tafki a ƙarƙashin motarsa, a ja ta gareji, a ce kula ce, wato abin da ke sanyaya baƙin man injin. Tawa haka ta yi mini bara. Sanyi ne ke fasa ta, ba wani abu ba.

Injiniya (Winnipeg): Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Allah ya mayar da alheri. Amma ban yarda ba. Kular nan ɗan akwatin alminiyom ne mai faranti-faranti a ciki, baƙin mai na bi ta wani layi, ruwan lagireto na bi ta wani, ba sa haɗuwa, zafi kawai suke musaya. Ba kasafai ƙarfen ke fashewa ba. Abin da ke yoyo galibi sil ɗin roba ne da ke tsakaninta da jikin injin. Shekaru yana gasuwa a zafi, ya bushe, ya daina komawa yadda yake in an matse shi. Ranar da sanyi ya sauko sai ya ƙara ƙanƙancewa, baƙin man kuma ya yi kauri, famfo ya turo shi da ƙarfi. Nan ne zai samu hanya. Zafi ne ya kashe sil ɗin, sanyi ya zo ya tarar da gawa.

Baban Khalifa: To ai ka faɗa da bakinka, Injiniya. In ba don sanyin ba da ba ta zuba ba.

Injiniya: Da ta zuba, sai dai a hankali, ɗigo-ɗigo. Ɗauki injin dizal na Mercedes, OM642, mai lita 3 da ke cikin jif ɗinsu samfurin ML da GL. Kularsa na can tsakiyar injin, inda zafi ya fi taruwa. Sil ɗin farko mai ruwan lemo ya yi suna wajen yoyo, har kamfanin ya canza shi da wani mai ruwan shunayya na robar Viton. Motocin nan suna yoyo a ƙasashen da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Da sanyi ne, da a Kanada da Rasha kawai za a ji labarin.

Kawu Bakanike (Minneapolis): Ku bari in sa baki, don ni hannuna ne ke cikin baƙin man. Injiniya ya yi gaskiya a kan sil, amma ya tsallake abu biyu da nake gani da idona duk Janairu.

Na farko ruwan lagireto. Idan aka haɗa kulant, wato maganin hana ruwan lagireto daskarewa, da ruwa rabi da rabi, ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Mutanenmu kuwa mun taso da ɗabi'ar gida, in ruwa ya ragu sai a ɗauko gora a cika da na famfo. A yi haka sau da yawa da bazara, haɗin ya tsinke. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, farantan kula kuwa siraran gaske ne. A nan kam sanyi ne ke tsaga ta kai tsaye. Za ka buɗe tankin ruwa ka ga wani abu mai kauri ruwan ƙasa yana iyo a sama, ya manne a murfi, ka taɓa da yatsa ka ji santsi. Mai ya shiga ruwa ke nan, tunda ƙarfin turawar mai ya fi na ruwa in injin na aiki.

Na biyu mai. Lambar da ke gaban harafin W a jikin galan ɗin mai ba ado ba ce, tana nuna sanyin da man zai iya jurewa. Ana gwada 0W a ga famfo zai iya jan sa a digiri 40 ƙasa da sifili, 5W a 35, 10W a 30. Wani ya taɓa kawo mini jif ɗinsa da 20W-50 a ciki, wai shi ne mai jiki, shi ya saba da shi a gida. Irin wannan da asubar sanyi ko zuba daga galan da ƙyar yake yi. Ya tayar da ita ya danna totur nan take don ya makara.

Maman Ummi (Calgary): Kawu, ka tayar mini da hankali. Jiya na buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, na ga wani farin abu a jikinsa. Tawa ma ta tafi ke nan?

Kawu Bakanike: Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ina kike zuwa da ita?

Maman Ummi: Makarantar yara da kanti kawai. Ba nisa.

Kawu Bakanike: To mai yiwuwa raɓa ce. Injin da ba ya yin zafi sosai ba ya ƙone tururin da ke taruwa a cikinsa, sai ya haɗu da mai a ƙarƙashin murfi. Ki zaro sandar awon mai, in man da ke jiki tsaf yake, kuma ruwan tanki bai ragu ba, ki hau babban titi ki yi tafiya mai ɗan nisa sannan ki sake dubawa. Amma kada ki yi wasa da shi. Tururin nan kan daskare a cikin tiyon numfashin injin ya toshe shi, iska ta taru a ciki ta turo mai ta kowane sil. An sha ɗora wa kula laifin wannan.

Baban Khalifa: Kawu, ni kulant ɗina daidai yake, maina 0W ne, ina jona hitar injin a wuta duk dare. Duk da haka ta zuba. Ku daina wanke masu ƙera motocin nan. Injin Pentastar mai lita 3.6 da ke cikin Grand Cherokee, mazaunin filta da kula na roba aka yi shi, a ɗora kan injin alminiyom. Roba da ƙarfe ba sa tsukewa daidai in sanyi ya kama su. Me ya sa masu sayar da kayan gyara suka fito da na alminiyom zalla, mutane kuma suke saya? Mutum ya biya kuɗin mota mai tsada, a sa masa roba a wurin da ya fi ko'ina wahala.

Injiniya: Wannan na ba ka, kuma abin yana ƙona mini rai ni ma. Sil ɗin kansa ba shi da tsada, amma sai an kwance rabin saman injin kafin hannu ya kai gare shi, kuɗin aiki ya ninka na kaya. Sai dai ka lura, yanzu maganarka ta koma kan ƙira da tsufan kaya. Kuma abin da rediyo ke faɗa na sanyi haɗe da iska, jikin mutum yake nufi. Ƙarfe ba ya sauka ƙasa da sanyin iskar kanta, saurin hucewa kawai yake yi.

Baban Khalifa: A Janairun 2024 ba sai an haɗa da iska ba, ma'aunin kansa ya wuce 40 ƙasa da sifili a filin jirginmu. Rabi da rabin Kawu ma ya kai maƙura a daren.

Kawu Bakanike: Shi ya sa ku na can sai kulant kashi 60, ruwa 40. Kada ku zuba shi zalla, zallan ya fi haɗin saurin daskarewa. Baban Khalifa, in bakanikenka bai jefar da tsohuwar ba, ka karɓo ta da sil ɗin ka turo mana hoto. In sil ya baje ya yi tauri, Injiniya ne da gaskiya. In jikinta ne ya tsage, ka ci gari.

Baban Khalifa: Tana cikin kwali a garejina. Da na dawo aiki zan ɗauka in turo, in sha Allah.