Sabuwar taya ta ƙi zama daidai a rim

Salamu alaikum. Kekena Phoenix ne, ɗan China, da shi nake kai kaya kasuwar Gusau. Na sa sabuwar tayar baya, 28 x 1½, lamba ɗaya da tsohuwar. Idan na buga iska, bakin tayar yana nutsewa cikin rim daf da bawul, ɗaya gefen kuma ya kumburo. Ina hawa sai ya riƙa tsalle duk juyi ɗaya.

Na sace iskar, na shafa ruwan sabulu, na tura bawul ciki kada tub ya maƙale, na sake bugawa. Mai faci ya ce rim bai lanƙwashe ba. Abin ya ishe ni.

Don Allah, me zan yi bakin tayar ya hau daidai ba tare da tub ya fashe ba?