Na'urar tajdif: a daina ce mata "injin ja"

'Yan'uwa Hausawan Jidda da Makka masu zuwa nadi, wato gidan motsa jiki, ku zo mu yanke wannan magana. Na'urar nan mai kujera da ke zamewa a kan dogo, mai sarƙa da mariƙi, Larabawa jihazut tajdif suke ce mata, domin tuƙa kwalekwale take kwaikwaya. Samarinmu kuwa "injin ja" nake jin suna cewa, kuma sunan bai kwanta mini ba, domin kuskure yake koyarwa. Duk wanda aka ce wa ja, hannu zai sa gaba, ya ranƙwafa, ya fizgi sarƙa, washegari ya tashi da ciwon ƙugu.

Ƙarfin aikin a ƙafa yake. Ka zauna gwiwa a naɗe, ƙwauri a tsaye, hannu a miƙe. Ƙafa ce ke fara tunkuɗa mataki. Sai ta kusa miƙewa gangar jiki za ta ɗan kishingiɗa, sannan hannu ya kawo mariƙi ƙasan ƙirji. Wajen komawa hannu ke fara tafiya, jiki ya biyo, gwiwa ta naɗe daga ƙarshe, cikin natsuwa. In ka ga kana ɗaga mariƙi don ya tsallake gwiwarka, ka yi gaggawar naɗe ƙafa ne.

Wani dattijonmu ɗan Mai Wurno ta Sudan, wanda ya tashi a bakin Shuɗin Nilu, ya kawo "na'urar filafili". Baba, a gafarce ni, amma mai filafili gabansa yake kallo, da kafaɗa yake aiki. A tseren da na'urar ke kwaikwaya, matuƙi baya yake ba inda ya nufa. "Na'urar tuƙin jirgi" kuma, a garin da alhazai ke sauka, jirgin sama kowa zai hango.

Ni "kwalekwalen tudu" na zaɓa. Gajere ne, ya nuna asalin abin, bai kuma tura kowa ga hannu ba. Kashin farko na motsin a ce masa "tunkuɗa", na biyu "komawa".

Saura ɗan marfin gefen fankar da sarƙa ke juyawa, mai lamba 1 zuwa 10 a na'urar kamfanin Concept2. Samari kan kai shi 10 da zaton nauyi suke ƙarawa, alhali iskar da ke shiga fankar yake daidaitawa, kuma kamfanin kansa 3 zuwa 5 yake ba da shawara. Na ce a kira shi "ƙofar iska". 'Yan'uwanmu na Sudan, in kuna da wata kalmar da ta fi wannan, ku kawo mu ji.